Rumbun kalmomi ɗaya, masu aiki da yawa: matsalar tarayya daga nesa a gundumomin Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ta taso ne daga tambayar da ɗalibanmu masu binciken karin harshe suke yawan yi: ta yaya mutum uku ko huɗu, kowa a garinsa, za su riƙa zuba kalmomi cikin rumbun bayanai guda, abin da Faransanci ke kira base de données, ba tare da aikin wani ya shafe na wani ba, kuma ba tare da sirrin waɗanda aka yi hira da su ya fita ba? Za mu ɗauki misalin Magarya da Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Yankin yana bakin iyakar Najeriya, rancen Faransanci da na Ingilishi suna gogayya a kasuwa ɗaya, saboda haka mai nazarin kalmomi ba ya rasa abin yi. Sai dai rezo da wutar lantarki ba abin dogaro ba ne a ƙauyuka, har ma a birane: kowa yana tune da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024.

Mu ɗauka ke nan ɗalibi ɗaya yana Waca, ɗaya yana Malawa, ɗaya yana Sassumburum, malaminsu kuma yana Damagaram.

2. Dalilin da ya sa fayil ɗaya ba ya rabuwa

Kafin zuwan kwamfuta, kalma ɗaya kati ɗaya ce, ana jera katunan cikin kwali. Daga nan ma manhajar Shoebox ta ƙungiyar SIL ta samo sunanta, wato kwalin takalmi. Shoebox da magajiyarta Toolbox, haka kuma Access ta kamfanin Microsoft da da yawa cikinmu suka saba da ita, duk suna ajiye bayanai cikin fayil da ke zaune kan inji guda.

A takarda, Access tana karɓar mutum 255 a lokaci ɗaya, fayil ɗinta kuma yana iya kai gigabayit 2. Wannan adadi yana ruɗin mutane. Abin lura shi ne babu wani mai tsaron ƙofa tsakanin masu aiki da fayil: injin kowane mutum shi ne yake karantawa, shi ne kuma yake rubutawa kai tsaye, ana dogara da wani ɗan fayil na kulle da ke nuna wanda ke ciki. In injunan suna ofishi ɗaya, waya ta haɗa su, abin yana tafiya, musamman in an raba rumbun biyu: teburan bayanai a wuri ɗaya, fuskar shigar da bayanai kuma kowa da tasa. Amma in layin ya bi ta rezon salula daga Malawa, ya katse ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa, kuma ga kowa ya lalace, ba ga mutumin Malawa kaɗai ba.

Dabarar da aka fi yi ita ce aika fayil ɗin ta WhatsApp, ko ajiye shi cikin Dropbox ko Google Drive. Waɗannan ba su san abin da ke cikin rumbu ba. Fayil sukutum suke ganewa. In mutum biyu sun yi gyara rana ɗaya, ko dai a sami kwafi biyu masu saɓani, ko na baya ya hau kan na farko. Mun taɓa yin asarar aikin wata guda ta wannan hanya, kuma ba mu farga ba sai da muka nemi wata kalma da muka tabbata mun shigar. Ɓarnar da ba ta yin ƙara ta fi wuyar magani, don ba a san ranar da ta faru ba balle a koma kwafin da ya gabace ta.

3. Hanyoyin da ke akwai

Hanya ta farko, a bar fayil ɗin kan inji ɗaya a Damagaram, sauran su riƙa leƙo shi daga nesa: hoton allo ne kawai ke tafiya, in layi ya katse fayil bai ji komai ba. Ta biyu, a kwashe bayanan zuwa uwar garke ta gaske, irin PostgreSQL ko MySQL, wadda ita ce ke karɓar kowane gyara, ta kammala shi duka ko ta soke shi duka. Dukansu hanyoyi ne ingantattu, amma sharaɗinsu ɗaya: rezo a daidai lokacin aiki, da inji a kunne dare da rana. Ɗalibin da ke zaune gindin gawo tare da wani tsoho ba shi da wannan.

Saboda haka a ganinmu hanya ta uku ce ta dace da yankin: kowa ya riƙe cikakken kwafi a injinsa, ya yi aiki ba tare da intanet ba, in ya sami dama ya aika da sauye-sauyen da ya yi kawai, ya karɓi na abokansa. Manhajar FLEx, ita ma ta SIL, kyauta ce, kuma tana yin wannan, ko ta intanet, ko ta ɗan makullin USB da muke kira kile. Tana ba kowane kati wata lambar shaida ta musamman, tana kuma riƙe tarihin duk gyaran da aka yi. In na Waca ya gyara ma'anar wata kalma, na Malawa ya ƙara mata jimlar misali, sai a haɗe gyaran biyu. In kuwa gurbi ɗaya suka taɓa, manhajar ta ɗauki ɗaya, ta bar sanarwar saɓani don mutum ya yanke hukunci. Dole ne mutum ɗaya ya buɗe aikin, sauran su karɓa daga gare shi, kuma kowa ya yi aiki da zubin manhaja iri ɗaya.

4. Abin da inji ba ya iya haɗewa

A nan ne aikin ya dawo hannun masanin harshe. Inji lambobi yake kwatantawa, ba sauti ba. A duba:

(1) ƴaƴa
(2) 'ya'ya

Ga mai karatu kalma ɗaya ce. Ta (1) ta bi ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda ƙudurin ministan ilimi na Oktoba 1999 ya tabbatar. Ta (2) ta bi ta Najeriya, wadda ɗan Magarya yake gani kullum cikin littattafan da ke shigowa daga Kano. Ga inji kuwa ƴ harafi ɗaya ne, 'y biyu ne, kuma ɗan waƙafin saman nan yana da siffofi aƙalla uku a tsarin Unicode, waɗanda ido ba ya saurin bambantawa. Haka wanda madanninsa ba shi da ƙ zai rubuta kafa alhali ƙafa yake nufi, sai gaɓar jiki ta faɗa cikin katin aikatau. In mutum biyu kowa ya buɗe wa kalma ɗaya sabon kati, lambobin shaidarsu daban ne, manhajar ba za ta ga wani saɓani ba: kati biyu za ta ajiye, ta yi shiru.

Akwai kuma abin da ya fi rubutu zurfi. Bik da biro, ko lakwal da makaranta: kati ɗaya mai siffa biyu, ko kati biyu masu nuni ga juna? Duk amsar da aka zaɓa tana da hujja (mu mun fi son kati biyu, kowane da sunan garin da aka ji shi), amma in ba a yanke ba kafin a watse, kowa zai bi ra'ayinsa, kuma taswirar karin harshe da za a ciro daga rumbun za ta nuna halin masu bincike ne, ba maganar mutane ba. Don haka kafin tafiya a zauna yini guda a tsai da madanni ɗaya, da yadda za a nuna karin sauti da tsawon wasali, da jerin sunayen garuruwa da za a riƙa zaɓa maimakon kowa ya rubuta da hannu. In ba haka ba Dungass da Dungas za su zama gari biyu.

5. Tsaro

Ribar wannan tsari ita ce kuma haɗarinsa: tunda kowa yana riƙe da komai, ɓatan inji ɗaya a tashar mota ɓatan sirrin rumbu duka ne. Hirarrakinmu ba jerin kalmomi kawai ba ne. A cikinsu akwai rikicin gona tsakanin manoma da makiyaya, da zancen aure, da na fataucin kan iyaka. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sake wata a 2022, kuma mai bincike bai fita daga ƙarƙashinta ba.

Ƙa'idar da muke ba ɗalibai ita ce sunan mai magana ba ya shiga rumbun tarayya ko sau ɗaya. Lamba ake ba shi, tare da jinsi da rukunin shekaru da gari; littafin da ke haɗa lamba da suna yana wurin mutum ɗaya, a kulle. Mun ce ko sau ɗaya ne domin tarihin gyara ba ya mantuwa: sunan da aka shigar yau aka goge gobe yana nan cikin kowane kwafi. Ƙaramin ƙauye ma yakan tona mai magana ko da babu suna, sai a tsaya a kan sunan komin.

Kalmar sirri ta fayil ɗin Access ɗaya ce ga kowa, kuma sabon zubin da ya fito a 2007 ya bar tsarin ba kowane mutum izininsa daban. Ke nan in ɗalibi ya bar aikin ba a iya rufe masa ƙofa shi kaɗai. A kan uwar garke kowa ya sami asusunsa, kada a ara wa juna. Injin tafiya kuma a kulle faifansa gaba ɗaya, da BitLocker ko VeraCrypt. Kile da za a ba direba ranar kasuwa ya kai Damagaram shi ma a kulle shi, a faɗi kalmar sirrin ta wayar tarho, kuma kada ya shiga injin shagon buga takardu a hanya.