Tafiyar da ake yi cikin ƙwan ƙuda

Ƙaramin ƙudan nan da ke kewaya mangwaro in ya fara ruɓa, masana na kiransa Drosophila. Kafin macen ta yi ƙwai, kowane ƙwai yana girma cikin wata ƴar jaka mai ƙwayoyin halitta 16: ɗaya ce za ta zama ƙwan, sauran 15 abincinta suke tanada.

Daga bakin jakar sai wani ayari na ƙwayoyi 6 zuwa 10 ya taso, ya kutsa tsakanin masu ciyarwar har ya iske ƙwan. Tazarar ba ta kai rabin milimita ba, amma sa'o'i suke ɗauka.

To, da wace ƙafa? Cikin kowace ƙwaya akwai zaruruwan furotin mai suna aktin. A goshin ta gaba, zaren yana ta tsawo yana tura fata kamar yatsa, ya kama maƙwabta. Wani furotin, miyozin, shi ke tsuke zaren ya jawo baya, kamar mai jan guga.

In ayarin ya makara, ƴar kafar da maniyyi zai shiga ba ta buɗewa, macen ta zama juya. A 1992 Denise Montell, a Amurka, ta bayyana wata ƙwayar gado da ke haddasa wannan jinkiri.

Kada ku raina aikin. Ƙwayoyin sankara ma sukan bar mazauninsu a ayari, da aktin da miyozin ɗin nan, shi ya sa masu binciken cutar ke zuba wa ƙudan ido.