Ciwon Sukari Da Kaɗaicin Tsofaffi A Miri: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Ɗan Kasuwa

BAUCHI — A duk ranar 14 ga watan Nuwamba ƙasashen duniya kan gudanar da tarurrukan wayar da kan jama'a game da ciwon sukari, inda akan shirya laccoci da gwajin jini kyauta a asibitoci da kasuwanni. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka ware wannan rana a shekarar 1991, sa'annan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2006. Sai dai kuma da zarar an naɗe tabarmar taro, sauran kwanakin shekara a cikin gida mai ciwon ke yin su, kuma a nan ne ake shawo kan cutar ko ta gagara. A unguwanni irin su Miri da ke gefen birnin Bauchi, babbar matsalar dattijo mai wannan ciwo ita ce wunin da yake yi shi kaɗai bayan 'ya'yansa sun fita neman abinci.

Miri tana bakin hanyar Jos ne a yammacin birnin, cikin mazaɓar Birshi/Miri ta Ƙaramar Hukumar Bauchi, wadda ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane kusan rabin miliyan. A da ƙauye ne a bayan gari, amma sannu a hankali birni ya yi ta faɗaɗa har ya cim masa. Irin wannan faɗaɗa kan zo da sabon tsarin zama. A gidan gandu na gargajiya da wuya tsohuwa ta rasa jika ko suruka a kusa da ita, haka nan dattijo ba ya rasa abokan hira a zaure. A sabon gida mai katanga da ƙofar ƙarfe kuwa, maigida kan tafi shago a kasuwar Wunti ko Muda Lawal tun da sassafe, uwargida ta nufi wurin aikinta ko sana'arta, yara su wuce makarantar boko daga nan su zarce Islamiyya. Mahaifin da aka ɗauko daga ƙauye domin a kula da shi, ko tsohon ma'aikacin da ya gina gida a bayan gari da kuɗin sallamarsa, sai ya wayi gari nesa da tsararrakinsa, ba mai leƙa shi daga hantsi har la'asar.

Girman Matsalar

Ƙididdigar da Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a shekarar 2021 ta nuna cewa manyan mutane miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar a duniya. Miliyan 24 daga cikinsu suna yankin Afirka kudu da Sahara, kimanin miliyan 3.6 kuma a Nijeriya. Ƙungiyar ta yi hasashen cewa adadin na yankin zai kai miliyan 55 nan da shekarar 2045. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne a ƙididdigar ta 2021 kashi 54 cikin ɗari na masu cutar a yankin ba su san suna da ita ba, domin alamunta na farko, watau yawan fitsari da ƙishirwa da rama da kasala da dishi-dishin gani, abubuwa ne da jama'a kan jingina wa tsufa. Alhali kuwa ɗigon jini ɗaya daga yatsa, da safe kafin karin kumallo, ya isa ya nuna inda aka dosa: idan awon ya kai 126 a ma'aunin miligiram, ko 7.0 a ma'aunin milimol, likita kan sake gwaji domin tabbatar da cutar.

Shi ma kaɗaici ya daina zama zancen tausayi kawai a wurin masana lafiya. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da wannan al'amari a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kansa a watan Nuwamban 2023, kuma rahoton da kwamitin ya fitar a watan Yunin 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, wanda ke da hannu a mutuwar mutane kimanin 871,000 a kowace shekara. Rahoton ya danganta shi da ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon sukari da raunin ƙwaƙwalwa.

Yadda Kaɗaici Ke Rura Ciwon

Ciwon sukari cuta ce mai bukatar kiyaye lokaci: lokacin cin abinci, lokacin shan magani, lokacin gwaji. Tsohon da ke wuni shi kaɗai kan rasa sha'awar abinci, ko ya ƙi dafa wa kansa, ya wadatu da shayi mai zaƙi da burodi ko masa da lemon kwalba, waɗanda ke ɗaga sukari cikin hanzari. Wani kuma kan sha maganinsa da safe ya manta bai ci komai ba. Ƙwayar metfomin ba ta cika jawo faɗuwar sukari ba, amma allurar insulin da ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid suna iya sauke shi ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram idan ciki babu abinci. Daga nan sai rawar jiki da gumi da jiri da ruɗewa, har ta kai ga suma. Idan akwai mutum a kusa kuma maras lafiyar yana cikin hayyacinsa, ƙaramin cokali uku na sukari a cikin ruwa kan dawo da shi cikin 'yan mintoci. Idan babu kowa, sai a dawo da magariba a tarar da shi kwance, a ɗauka hawan jini ne ko bugun iska. Wannan haɗari kan ƙaru a watan azumi, abin da ya sa likitoci ke bukatar mai ciwon ya nemi shawararsu tun kafin watan ya kama.

Abu na biyu shi ne ƙafa. Idan cutar ta daɗe takan kashe jijiyoyin ji, ta yadda dattijo zai taka ƙusa, ko ya ƙone a kaskon wuta lokacin hunturu, ko mai yankan farce ya ji masa rauni, ba tare da ya ji zafi ba. Idanunsa sun yi rauni, bayansa ba ya sunkuyawa, saboda haka ba ya iya duba tafin ƙafarsa da kansa. Ƙaramin rauni da wani zai iya gani cikin minti ɗaya, alal misali lokacin da yake zuba masa ruwan alwala, shi ne kan zama gyambon da ke kai mutum ɗakin tiyata a yanke masa ƙafa. Haka cutar ke cin ƙoda da idanu a ɓoye, shekara da shekaru, kafin a farga.

Lissafin Kuɗi

Ga ɗan kasuwa wannan magana ce ta jari. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye, kuma a gidan Bahaushe aljihun nan na ɗa ne ko 'yar da ke riƙe da shago. Tun daga shekarar 2023 nauyin ya ninka. An janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, aka saki darajar Naira a watan Yuni, ta tashi daga kimanin 460 a kan Dalar Amurka ɗaya zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024. Da yake daga waje ake shigo da insulin da na'urar gwaji da tsinkayenta, farashinsu ya bi Dala. A cikin wannan yanayi ne kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a ƙasar nan a watan Agustan 2023, shi ma Sanofi, ɗaya daga cikin manyan masu haɗa insulin a duniya, ya sanar a watan Nuwamba cewa zai miƙa rarraba magungunansa ga wakili. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umurnin ɗauke haraji daga kayan haɗa magunguna domin rage raɗaɗin.

Duk da tsadar magani, kuɗin jinyar da sakaci ke jawowa ya fi shi nesa ba kusa ba. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ko a kan wannan ragi, wanda ake yi wa wanki sau uku a mako zai biya kimanin Naira 144,000 a wata, watau ninki biyu na mafi ƙarancin albashin Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ba a haɗa da kuɗin mota da jini da magunguna ba. Har ila yau akwai asarar da ba a rubutawa: makonnin da shago ke rufe ko yake hannun yaro, saboda mai shi yana zaman jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuma masu sayen kaya da suka koma wa maƙwabci ba su dawo ba.

Sana'ar Da Ke Jiran Masu Ita

Kai iyaye gidan tsofaffi abin kunya ne a al'adar Hausa, kuma babu alamar hakan zai sauya. Abin da ya dace da al'ada shi ne a kawo mai kula har gida. Aikin ba shi da wuyar bayyanawa: ya zo da safe ya gwada sukari da bugun jini ya rubuta a littafi, ya tabbatar an ci abinci kafin magani, ya duba ƙafafu, ya raka dattijo ɗan tattaki zuwa masallaci ko bakin titi, ya zauna su yi hira, sa'annan ya buga wa iyali waya idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba. Zai kuma lura da kwano: a yawaita wake da ganye irin su zogale da rama, a rage malmalar tuwo. Ko accan da ake nomawa a Filato da kudancin Bauchi, wadda mutane da yawa ke ɗauka magani ce, hatsi ce da ke bukatar awo. Ba hurumin mai kula ba ne ya ƙara ko ya rage magani; wannan aikin likita ne.

Ajiyar insulin ma tana cikin aikinsa. Kwalbar da ba a buɗe ba tana bukatar sanyin firiji, wanda rashin wutar lantarki ke hanawa. A nan dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha a Jihar Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana rage zafin wurin ajiya ba tare da lantarki ba. Wani bincike da Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka wallafa a 2021 ya nuna cewa kwalbar da aka buɗe kan riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37.

Ma'aikata ba su yi ƙaranci ba. Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Aliko Ɗangote da ke Bauchi da Kwalejin Fasahar Lafiya ta Ningi suna yaye ɗalibai a kai a kai, kuma ba dukkansu ke samun gurbi a gwamnati ba. Lissafin ma mai sauƙi ne: idan gidaje shida na unguwa ɗaya suka haɗu suka ɗauki ma'aikaci guda a kan albashin Naira 70,000, kowane gida zai biya ƙasa da Naira 12,000 a wata, daidai da kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suka saba da adashi suna da tsarin karɓar irin wannan kuɗi a hannu. Jarin sana'ar na gaskiya amana ce, domin baƙo ne za a bari da tsoho a gida. Wajibi ne mace ta kula da mace, namiji ya kula da namiji, mai unguwa ya shaidi halin ma'aikaci, a kuma haɗa shi da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa wanda zai riƙa duba littafinsa.

Rawar Hukuma

Akwai dokokin da za a iya dogara da su. Dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017, da Manufar Ƙasa kan Tsufa da aka amince da ita a 2021, sun amince da hakkin tsofaffi na samun kulawa. Dokar inshorar lafiya ta watan Mayun 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa tare da tanadar asusu domin masu rauni, Jihar Bauchi kuma tana da hukumarta ta asusun lafiya na taimakekeniya, wadda ya kamata kowane ɗan kasuwa ya tuntuɓa game da yi wa iyayensa rajista. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, kuma masu fafutukar lafiya sun daɗe suna kiran a ware kuɗin domin cututtuka irin wannan. Japan, wadda ta fara inshorar kula da tsofaffi a shekarar 2000, ta nuna cewa ana iya biyan mai zuwa gida daga asusun haɗaka kamar yadda ake biyan asibiti.

Kafin hukuma ta kai can, matakin farko yana hannun iyalai da shugabannin kasuwa: a kai duk wanda ya manyanta gwaji, a san wanda zai leƙa shi da rana, a ajiye lambar wayar maƙwabci. Ɗan kasuwar da ke biyan maigadi domin tsaron hajarsa da dare ya san amfanin kashe kaɗan domin kare mai yawa, kuma iyayen da suka ba shi jarin farko sun fi hajar cancantar wannan tanadi.