Ba a Karɓar Kwikwiyo a Bakin Hanya

A watan Nuwamban 2021 karen maƙwabciyata ya mutu yana da shekara goma sha ɗaya. Dattijuwa ce Baturiya wadda ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu kowa ya kama gabansa. Ni da iyalina Iya muke ce mata, har ta saba. Shekara shida muna katanga ɗaya a wata unguwa a bayan Manchesta, kuma ba ranar da zan fita aiki da sassafe ban gan ta riƙe da igiyar karen nan ba. Da ya mutu sai fitar ta tsaya. Matata ce ta fara lura cewa labulen tagarta yakan kai azahar a rufe.

Bayan kamar wata biyu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta ce, "Ɗana, ina so in nemi wani kwikwiyon, amma idona ba ya ɗaukar tuƙin nesa. Za ka riƙa kai ni?" Na ce, "Iya, duk ranar da kika shirya."

Ni ba na ajiye kare a ɗaki. A ƙauyen da na tashi, kare na farauta ne da gadi. Amma kawuna mafarauci ne, kuma akwai ɗabi'arsa guda da ban manta ba: ko kyauta aka kawo masa kwikwiyo, ba ya karɓa a hanya. Sai ya taka har gidan da aka haife shi ya ga karyar da idonsa, yadda take tafiya, yadda take kallon baƙo, ko tana da ƙazuwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji shi. A wata takwas da muka yi muna nema ni da Iya, duk wata doka da takarda da na ci karo da su a Ingila, kan wannan ɗabi'ar ta kawu suka dawo da ni.

Irin karen da take so shi ne Goldin Ritriba, wato mai launin zinariya mai ɗauko abin da aka harba. Asalinsa daga tsaunukan Sikotland ne, a wani gandu da ake kira Guisachan, mallakar wani attajiri da daga baya aka yi wa sarautar Lord Tweedmouth. A 1865 ya sayi wani kare rawaya mai suna Nous a garin Biraiton, a 1868 kuma ya haɗa shi da wata karya mai suna Belle, daga wani irin karen ruwa da yanzu ya ƙare a duniya. 'Ya'yan da suka haifa su ne tushen irin. An daɗe ana yawo da labarin cewa daga karnukan wasa na Rasha suka fito, sai a 1952 da aka buga abin da ke cikin littafin kiwon da mutumin ya rubuta da hannunsa, magana ta zauna. Abin da yake nema kare ne da zai faɗa ruwan sanyi ya ɗauko agwagwar da aka harbo ba tare da haƙori ya taɓa naman ba, ya kuma riƙa sauraron ubangidansa. Daga nan sanyin halinsa ya samo asali, shi ya sa ake horar da shi ya yi wa makafi jagora. Mai neman karen gadi kuwa ya nemi wani, domin wannan yana iya tarbar baƙon dare da kaɗa jela.

Yadda aka gaji halin nan mai kyau, haka ake gadon cututtuka. Irin da ya fito daga tsatso ƙanƙani, aka yi ta aurar da dangi da dangi, dole wasu larurori su bi jini. A goldin akwai gocewar gaɓar ƙugu da ta gwiwar ƙafar gaba, wadda kan sa kare ɗingishi tun yana matashi. Akwai yanar ido, akwai wata makanta ta gado da kan fara da dundumi, akwai ciwon fata mai zubar da ɓawo kamar amosani. Ciwon daji ma yana yi musu ɓarna, har wata gidauniya a Amurka mai suna Morris Animal Foundation ta fara bibiyar rayuwar fiye da goldin 3,000 tun 2012 don gano dalili. Yawancin waɗannan ba za ka gan su a fuskar kwikwiyo ɗan sati takwas ba. A jikin iyayensa ake dubawa.

Farkon nemanmu a intanet ne, kuma nan muka kusa yin kuskure. Mun ga talla da hotuna masu ɗaukar ido. Na buga waya, mutumin ya ce kwikwiyo biyu suka rage, in tura kafin alƙalami yau, zai kawo mana shi gidan mai da ke kan babbar hanya don ya rage mana wahala. Na ce muna son ganin uwar. Ya ce tana wurin likita. Bai tambayi sunan Iya ba, balle inda kwikwiyon zai kwana. Da na saka lambar wayarsa a manhajar bincike, sai ga ta a tallan karnuka iri huɗu daban-daban. Iya ta riga ta ƙwallafa rai a kan hoton, har da hawaye, ta ce ko don ta cece shi ne a saya. Na tausaya mata ƙwarai, amma na ce mata, "Iya, kuɗin da za ki ba shi, uwar ce za ta biya da wani cikin."

Abin da mutumin yake yi ma ya saɓa doka. Tun 6 ga Afrilun 2020 an hana dillali ko mai shago sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba a Ingila. Sai dai ka saya a hannun wanda ya kiwata, ko ka ɗauko a gidan ceton dabbobi. Ana kiran dokar da sunan Lucy, wata karya da aka ceto a 2013 daga irin gidajen nan da ke mai da karya injin haihuwa, jikinta duk ya lalace saboda zaman keji. Tun 2018 kuma, duk mai samun haihuwa uku ko fiye a shekara yana sayarwa sai ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, ya sa lambarsa a talla, ya nuna kwikwiyo tare da uwarsa, kuma kada ya raba su kafin sati takwas.

Likitan dabbobin da ya yi jinyar tsohon karenta ne ya sa mu a hanya. Ya ce mu tuntuɓi ƙungiyar masu kiwon goldin ta yankinmu. Sakatariyar ta ba mu sunaye uku, ta kuma ce kada mu fara da tambayar farashi. Sai muka zauna muka rubuta wasiƙa kamar ta neman aure. Iya ta faɗi shekarunta ba ɓoye-ɓoye, ta bayyana gidanta da ɗan lambun da ke bayansa da tsayin shingensa, da karen da ta rasa da abin da ya kashe shi, da awa nawa take yi a waje kullum. Ɗaya ba ta amsa ba. Ɗaya ta ce ba ta da niyyar haɗa karyarta a shekarar. Ta ukun, wata mata a karkarar Yokshaya, ta kira mu bayan kwana huɗu.

Kusan awa guda tana yi wa Iya tambayoyi. Wa zai fita da shi ranar da ba ki da lafiya? Kin san zai kai kilo talatin, kuma a shekararsa ta farko yana iya fizge ki ki faɗi? Kin shirya wa gashin da zai cika miki ɗaki? Sai ta zo kan mai nauyin: karen nan yana iya yin shekara goma zuwa sha biyu, idan ya riga ki ko kika riga shi, me kika tanada? Na ga fuskar Iya ta canza. Ni kuwa a lokacin hankalina ya kwanta, domin wanda ya damu da inda dabbarsa za ta ƙare shi ne ya kula da yadda ta fara. Sai da 'yar Iya ta kira matar ta yi alkawarin ɗaukar karen in ta kama, sannan aka sa sunanmu a layi.

Mu ma mun yi namu tambayoyin, kuma kafin mu rufe baki ta turo takardu. Na ƙugu hoton ƙashi ne da ake ɗauka bayan kare ya cika shekara, a tura wa kwamitin ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya su ba da maki. Kowane ɓangare daga 0 zuwa 53 ne, jimilla 106, kuma ƙarancin makin shi ne alheri. Uwar tana da 4 da 5. Gwiwa daga 0 zuwa 3 ake aunawa, nata 0. Takardar ido ta shekarar ce, domin gwajin ido sabunta shi ake yi. Ga sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta na makanta da na ciwon fata, nata da na uban. Ban tsaya a kan takardar kaɗai ba: Kennel Club, hukumar rajistar karnuka da aka kafa a 1873, tana da shafin da za ka rubuta sunan kare ka ga sakamakonsa, na duba na ga sun dace. Rajista ita kaɗai shaidar salsala ce, ba shaidar lafiya ba, ko da yake hukumar ba ta yi wa 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau huɗu rajista.

Daga nan sai jira. Cikin karya kwana sittin da uku ne ko kusa da haka, amma sai da muka yi wata uku kafin ma a haɗa karyar da namijin. An haifi tara a watan Yuli. Suna da sati biyar muka je. A kicin muka same su, cikin ƙarar injin wanki da hayaniyar jikokin matar, abin da ke sa kwikwiyo ya saba da mutane tun yana ƙarami. Uwar ta taso ta shinshina hannun Iya, nonuwanta a sake, gashinta ya ɗan zube kamar kowace mai shayarwa, 'ya'yan suna bin ta suna rububi. Wannan yana da muhimmanci, don wasu kan ajiye wata karyar daban su ce ita ce uwar. In ka ga ba ruwanta da 'ya'yan, ka san da magana. Na duba idanunsu da kunnuwansu da ƙarƙashin jela kamar yadda na ga kawu yana yi. Kakarsu ma tana kwance a bakin murhu, shekararta goma sha biyu, tana tashi da ƙafarta.

Wani ɗan'uwana a Abuja da ya ji labarin ya ce shi ma ya ga ana tallan irinsu a Instagram. Na ce masa ya je gidan ya ga uwar, ya karɓi katin rigakafi mai sa hannun likita, musamman na haukan kare da na zawon jinin da ke kashe ƙananan kwikwiyo, ya kuma tuna cewa gashi ninki biyu gare shi, don sanyin Sikotland aka kiwata shi. Zafin watan Afrilu da kaska ba ƙaramar wahala za su ba shi ba in babu inuwa da ruwa da kulawa.

Mu kuwa da lokacin zaɓe ya zo, matar Yokshaya ba ta bar Iya ta zaɓa ba. Ta ce sati bakwai tana kallonsu, ta san mai rawar kai, ta san mai natsuwa, kuma wata mace mai sanyin hali ce ta dace da ita. Ranar ɗauka, suna da sati takwas cif, ta ba mu lambar 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa da ake sa wa a ƙarƙashin fatar wuya, wadda doka ta wajabta tun 2016, da katin maganin tsutsa da na allurar farko, da abincin sati guda, da yarjejeniyar da ta ce ko bayan shekara goma ne aka kasa riƙe ta, a mayar mata da abarta. Ta yanko ƙyallen bargon da uwar ke kwanciya a kai ta sa a kwandon. Har ta rufe ƙofar motar ta sake buɗewa, ta shafa kan kwikwiyon, ta ce a kira ta in an isa.

Mun isa bayan la'asar, Iya ta kira ta. Washegari da na fito da ƙarfe shida da rabi, labulen a buɗe yake, tana tsaye a lambu cikin rigar sanyi tana jiran 'yar kwikwiyon ta gama fitsari.