Kuskure, Sakaci da Ganganci a Wajen Gyaran Jirgin Sama



Wataƙila wani ya ce me ya haɗa malamin Hausa da gyaran jirgin sama. To, abin da ya haɗa mu shi ne, kowace shekara mutanenmu na Jahun da Haɗeja da sauran garuruwan fadama sukan hau jirgi daga Kano ko Dutse zuwa aikin hajji, suna masu danƙa rayukansu, bayan Allah, a hannun makanikan da ba su taɓa gani ba. Bugu da ƙari, harshen Hausa yana da kalmomi uku waɗanda suka rarrabe irin ɓarnar da ɗan Adam kan yi a bakin aiki, watau kuskure da sakaci da ganganci. A kansu zan gina wannan lacca.

Da farko ya kamata a sani cewa kowane jirgi yana da littafin ƙa'idojin gyara wanda kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta. Littafin ya faɗi irin notin da za a sa, da ƙarfin da za a ɗaure shi, da yawan iskar da taya za ta ɗauka. In makaniki ya gama aiki sai ya rubuta abin da ya yi, ya sa hannu. Da wannan rubutu matuƙi yake dogara, domin ba shi da halin kwance jirgi ya duba da idonsa.

Kuskure shi ne mutum ya nufi daidai, hannunsa ko idonsa ya yaudare shi. Alal misali, a watan Yuni na 1990 wani ma'aikacin kamfanin British Airways ya canja gilashin gaban jirgi da dare a Ingila. Maimakon ya duba lambar notin a littafi, sai ya gwada da ido. Ashe 84 daga cikin 90 sun yi siranta. Da jirgi ya yi sama gilashin ya fita, iska ta fizge matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje, abokan aikinsa suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Sakaci kuwa shi ne a san hanya, a bar ta don ana ganin wata ma za ta yi. A 1978 wani jirgin Japan samfurin Boeing 747 ya bugi ƙasa da wutsiyarsa wajen sauka. Masu gyara suka haɗa bangon baya, wanda yake riƙe iskar cikin jirgi, da jeri ɗaya na ƙusoshi a inda ƙa'ida ta ce biyu. Shekara bakwai jirgin yana tashi yana sauka, tsaga tana ci a ɓoye. Ran 12 ga Agusta, 1985, bangon ya fashe, mutum 520 suka mutu.

Yanzu sai mu zo kan namu, wanda ya fi taɓa mu. A 1991 kamfanin jiragen Nijeriya ya yi jigilar alhazai da wani jirgi samfurin DC-8 na haya, mallakar kamfanin Nationair na ƙasar Kanada. Kwanaki kafin hatsarin an auna tayoyinsa, aka ga biyu iskarsu ta gaza abin da ƙa'ida ta yarda a tashi da shi. Ba a ƙara iskar ba. Masu bincike sun gano daga baya cewa an sauya alƙaluman da ke cikin takardar gyara don su yi daidai da ƙa'ida. An yi shirin canja tayoyi a Akara, aka fasa saboda ana gudun makara. Safiyar 11 ga Yuli, a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, makaniki ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta nan kusa ba, mai kula da jigilar ya ce a tafi haka nan.

Ga yadda abin ya auku. Tayoyi biyu da ke kan ƙarfe ɗaya raba nauyi suke yi. In ɗaya ta yi laushi, nauyin sai ya koma kan 'yar'uwarta. Jirgi na gudu a kan titin tashi, taya ɗaya ta fashe, ta biyu ta bi ta, ƙarfe ya dinga gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin babu na'urar da za ta sanar da su a wannan wuri. Da suka tashi suka naɗe ƙafafun jirgin, watau suka shigar da wutar cikinsa da hannunsu, kusa da wayoyi da bututun mai. Suka juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi bai kai titi ba. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14, akasarinsu alhazai masu komawa Sakkwato. Babu wanda ya tsira. Wannan shi ne ganganci: an ga aibi, an san ƙa'ida, aka rufe ido. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Na san za a ce ƙaddara ce. Haka ne, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai amana nauyin amanarsa ba. Ku lura kuma da cewa kowace ɓarna da maganinta. Kuskure ana rage shi da hutu, da haske a wurin aiki, da sa wani ya sake duba aikin wani. Sakaci ana maganinsa da horo da bin littafi ko da an haddace shi. Ganganci kuwa ba ya warkewa sai shugabanni sun daina matsa wa na ƙasa, sun ba makaniki ikon ya ce jirgi ba zai tashi ba, ba tare da tsoron kora ba.

Ya ku ma'aikata, yawancinku ba za ku taɓa riƙe sifana a ƙarƙashin jirgi ba, amma kullum kuna sa hannu a takarda. Mai duba gada a hanyar Haɗeja, da mai auna magani a asibiti, da akawun da ke cike rajista, duk a matsayin makanikin nan suke, domin wani yana can ya dogara da abin da suka rubuta. Kada ɗayanku ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, kada kuma ya tilasta wa na ƙasa da shi ya yi haka.