Daga Alli zuwa Majigi: Amfanin Taswirar Darasi ga Malamin Aji

Yaron Daura yana sanin labarin Bayajidda tun kafin ya iya haɗa baƙi da wasali. Amma shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare ka tambaya: mece ce dangantakar Bawo da Biram? Sau da yawa sai ka ji tsit. Sunayen suna bakin yara, igiyar da ta ɗaure su ce ba ta hannunsu. Wannan giɓin ne taswirar darasi take cikewa.

Taswirar darasi zane ne da ake sa muhimman kalmomi cikin akwatuna, a ja layi tsakaninsu, a rubuta a kan kowane layi abin da ya haɗa su. Wani malamin Jami'ar Cornell a Amurka, Joseph Novak, shi ya ɓullo da ita a 1972, yana binciken yadda fahimtar yara kan kimiyya take sauyawa. Ya ɗora ta a kan ra'ayin David Ausubel, mai ganin cewa sabon ilimi ba ya zama sai ya sami abin da zai jingina da shi cikin abin da ɗalibi ya riga ya sani. Tana da 'yar'uwa, taswirar tunani, wadda Tony Buzan ya yaɗa a Ingila a shekarun 1970. Ita kalma ɗaya ake sawa a tsakiya, rassa su bazu kamar na kuka.

Ga yadda za ta kasance a aji. Malama ta rubuta "Bayajidda" a saman allo. Ta ja layi zuwa "rijiyar Kusugu", ta rubuta "ya kashe maciji a". Wani layin ya nufi "Daurama", a kansa "ya auri". Daga nan a sauko kan ɗansu Bawo, daga Bawo rassa shida su fita: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Sai ta juyo ta ce, "Yara, mun ce Hausa Bakwai, ga shida. Ina cikon?" Nan aji zai ɗau hayaniya, har wani ya tuno cewa Biram ɗan Bayajidda ne ta wajen matarsa 'yar sarkin Barno, don haka layinsa daga sama zai fito, ba daga Bawo ba. Wanda ya ja layin nan da hannunsa ba zai manta ba. Wanda kuma ya ja shi a inda bai dace ba, ya nuna wa malama ainihin inda ya ɓace, abin da hadda takan ɓoye.

To ina kwamfuta ta shigo? Zanen allo, da an kaɗa ƙararrawa sai a goge. Na manhaja kuwa ana adana shi, a ƙara masa hoto, a gyara shi baɗi, a tura wa abokan aiki ta WhatsApp. CmapTools, wadda aka gina a wata cibiyar bincike a Florida inda Novak ya yi aiki, kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta tana aiki ba tare da intanet ba. XMind da MindMeister sun fi ƙarfi a taswirar tunani.

Sai manhajojin nuna darasi a bango. PowerPoint ce uwa, tun 1987 take. Google Slides tana ba malamai biyu damar shirya darasi ɗaya, ɗaya yana Zango ɗaya yana Sandamu. Prezi, wadda ta fito daga Budapest a 2009, babban faifai guda take shimfiɗawa, malami ya riƙa kusanto da sashen da yake bayani sannan ya ja baya a ga hoton duka, shi ya sa take tafiya da taswira sosai. Canva kuma ta sauƙaƙa ado ga wanda bai iya zane ba. Kallon hoto a bango dai ba baƙon abu ba ne gare mu: kakanninmu sun sha kallon majigi a ƙofar fada tun zamanin Turawa.

Sai dai a yi hattara. Malamin da ya kwashe littafi ya zuba a shafukan nuni, ya juya wa yara baya yana karantawa, bai yi komai ba illa sauya wa tuwo suna. Binciken Richard Mayer, masanin ilimin halayyar ɗan Adam a Kalifoniya, ya nuna cewa an fi koyo idan aka haɗa hoto da bayanin baki, kuma tarin rubutu da kwalliyar banza suna raba hankali. Saboda haka shafi ɗaya, magana ɗaya. Rubutu ya zama manya, yadda na bencin baya zai gani.

Akwai kuma batun wuta da kuɗin data. Malamin ƙauye a Baure ko Mai'aduwa ya shirya darasinsa a inda sabis yake da ƙarfi, ya sauke shi a waya, ya kuma kwafe taswirar a takarda. In an ɗauke wuta, ga alli. Makarantun gaba da sakandare na Daura, irin su Kwalejin Yusuf Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, za su taimaka ƙwarai in suka riƙa shirya wa malaman firamare da sakandare bita a lokacin hutu.

Malam, kafin ka buɗe kowace manhaja, ɗauki takarda ka zana darasin gobe. In ka ja layi tsakanin akwatuna biyu ka rasa abin rubutawa a kansa, to can ne yaranka ma za su tsaya, kuma majigi ba zai rubuta maka ba.