Na'urar Da Ke Ganin Jirgin Sama Da Amsa-Kuwwa

Duk yaron da ya taɓa kiwo a gindin duwatsun Gella, kudu da Mubi, ya san in ya ƙwala kira dutse zai mayar masa da muryarsa. In dutsen yana kusa amsa ta dawo nan take, in kuwa da nisa sai ta ɗan jima. To, wannan shi ne tushen aikin na'urar hangen jirage da ake kira rada, wadda Robert Watson-Watt ya gwada a Ingila cikin 1935.

Maimakon murya, ita igiyar rediyo take harbawa, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Faifanta yana juyawa yana harbi, sa'an nan ya yi shiru yana saurare. In jirgi yana nisan kilomita 150, igiyar ta je ta dawo, watau ta ci kilomita 300, cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Sabon ma'aikaci ya riƙe wannan da kyau: lokacin da aka auna na zuwa da dawowa ne, sai an raba biyu. Inda faifan ya fuskanta kuwa, nan ne shiyyar jirgin.

A watan Oktoba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da shirin TRACON, wanda kamfanin Thales na Faransa ya yi wa hukumar NAMA. Tashoshi 9 aka kafa. Ikko da Abuja da Kano da Fatakwal suka sami rada iri biyu. Numan ta Jihar Adamawa da Maiduguri da Talatar Mafara da Ilori da Obubra suka sami iri na biyu kaɗai.

A nan ake yawan ruɗewa. Iri na biyu ba ta jiran amsa-kuwwa, tambaya take yi. Ta aika a kan megahaz 1030, wani ɗan akwati a cikin jirgin ya amsa a kan 1090, ya faɗi lambarsa da tsawon da yake a sama. Tana ji daga nesa ƙwarai, amma fa in akwatin ya lalace ko matuƙi ya kashe shi, jirgin ya ɓace mata ke nan, ko da rana tsaka ne.

Sai kuma maganar dutse. Igiyar nan a miƙe take tafiya, ba ta ratsa tsauni, ga shi duniya a lanƙwashe take. Jirgin da ya ɗaga can sama ya wuce ta kan Gella, daga Numan ana iya jinsa, ko da yake tsakaninsu ya fi kilomita 150. Wanda ya yi ƙasa-ƙasa ta bayan duwatsun Mandara, wajen iyakar Kamaru, makiyayi zai gan shi da ido, allon ma'aikaci kuwa fayau.