Batirin LiPo Ba Irin Na Waya Ba Ne: Saitin Cajin Da Sabon Shiga Ya Kamata Ya Sani

Duk mai wayar hannu ya saba da abu guda: a jona caja, a ajiye waya, idan ta kai 100% ta tsaya da kanta. A cikin wayar akwai ƙananan na'urori da ke lura da batir, suna yanke wuta idan ya cika ko ya yi zafi. Wannan sabon ne ke jefa matasa da yawa cikin matsala ranar da suka fara sayen ƙaramin jirgi marar matuƙi na tsere ko motar rimot. Batirin LiPo da ke cikin irin waɗannan kayan yawanci tsirara yake zuwa, babu abin da ke tsare shi. Duk abin da aka saita a caja shi zai karɓa, ko da zai ƙona shi ne. Manyan jiragen ɗaukar hoto irin na DJI suna da nasu batir mai kula da kansa, don haka maganar ta fi shafar batiran da ake saye daban, masu wayoyi biyu a jiki.

Kafin a taɓa caja, amsar tana jikin batirin. A ɗauki wanda aka rubuta masa 3S, 11.1V, 2200mAh, 50C. Harafin S yana nufin yawan sel ɗin da aka jera a ciki, a nan guda uku. Kowane sel yana da matsakaicin ƙarfi na volt 3.7, yana kuma cika a volt 4.2. Ke nan 3S zai cika a 12.6, 4S a 16.8, 6S a 25.2. Wannan 4.2 ita ce iyakar da ba a tsallakewa. Sel ɗin da aka tura sama da haka yana fara lalacewa daga ciki, ya tara iska ya kumbura, daga nan kuma wuta ba ta da nisa.

Saboda haka saiti na farko shi ne nau'in batir. Caja irin su iMAX B6 ko na ISDT suna cajin batura kala-kala, kuma kowanne da tsarinsa. Wanda ya bar caja a kan NiMH ya jona LiPo ya yi kuskure mafi muni, domin a wannan tsarin cajar ba ta san ta tsaya a 4.2 ba. Akwai kuma LiHV, wanda ke cika a volt 4.35. Sunan ya yi kama, amma sai an ga an rubuta LiHV ko HV a jikin batirin ake zaɓarsa.

Daga nan sai yawan sel. A iMAX B6, kafin caji ya fara, allon yana nuna lambobi biyu: R, adadin da cajar ta gano da kanta, da S, adadin da mutum ya saka. Idan ba su zo ɗaya ba, a tsaya a duba. Mutane da yawa suna danna maɓallin ba tare da sun karanta ba, alhali wannan ɗan allon shi ne dama ta ƙarshe ta kama kuskure.

Inda sababbin shiga suka fi ruɗewa shi ne amp. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ana kiranta 1C: a raba mAh ɗin batir da 1000, abin da ya fito shi ne amp ɗin caji. Batir mai 2200mAh zai sha amp 2.2, mai 1500mAh zai sha 1.5, kuma zai cika cikin awa ɗaya ko ya ɗan gota. Wancan 50C da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaban batir ba na caji ba ne, yana nuna yawan wutar da batirin zai iya fitarwa ne lokacin aiki. Wasu kamfanoni kan rubuta cewa batirinsu zai ɗauki 2C ko fiye wajen caji, amma wanda bai daɗe da farawa ba babu abin da zai rasa idan ya tsaya a 1C, sai 'yan mintuna. Yin ƙasa da haka ma ba ya cutarwa.

Sai ƙaramar wayar nan mai farin kai da siraran wayoyi. Ta nan ne caja ke ganin kowane sel shi kaɗai, idan an zaɓi BALANCE. Amfaninta a fili yake: batirin 3S zai iya nuna 12.6 a jimla, alhali sel ɗaya yana 4.35, sauran biyun suna ƙasa. Cajar da ke kallon jimla kawai za ta ce komai lafiya. Shi ya sa ya fi a riƙa jona wannan waya a kowane caji.

Yanayi ma yana da nasa tasirin. A watan Afrilu zafi a Kano ko Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma batirin da ya sauko daga jirgi ya riga ya ɗauki zafi. A bar shi ya huce a inuwa tukuna. Matsalar wutar NEPA kuma tana da nata tarkon: an kawo wuta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sai a jona batir a kan katifa a kwanta barci. LiPo ba a barinsa yana caji babu kowa a kusa. A ɗora shi a kan siminti ko tayil, nesa da labule da jarkar man janareta, a cikin jakar da ba ta kama wuta idan akwai, da bokitin yashi a gefe. Idan ya fara kumbura ko wari, a cire wuta nan take a fitar da shi tsakar gida. Hayaƙinsa guba ne.

Saitin da aka fi mantawa shi ne STORAGE. Batirin da aka bari a cike kwana da kwanaki yana tsufa da wuri, wanda aka zuƙe ƙasa da volt 3.0 a sel kuma ba lallai ya dawo daidai ba. Wannan saitin yana kai kowane sel kusan volt 3.8. Idan an cika batura don fita ranar Asabar sai ruwan sama ya hana, a mayar da su 3.8 kafin a jefa su cikin akwati.